Yadda ɗalibin babban digiri a kimiyyar nukiliya zai auna samfurinsa har sakamakon ya karɓu

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a kimiyyar nukiliya, da zarar ya kammala darussan aji ya fuskanci aikin bincike, yakan tarar da cewa mafi yawan lokacinsa zai tafi ne wajen daka ƙasa, auna nauyi, jiran layi a ɗakin gwaji, da zama a gaban na'urar da ke ƙidaya hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Da yawa daga cikin ɗaliban wannan fanni a Najeriya irin aikin da suke yi ke nan, wato su gano irin sinadaran da ke cikin ƙasa ko ruwa ko abinci da yawansu, ta hanyar hasken da cibiyar ƙwayar zarra ke fitarwa. Na'urar ba ta ƙin ba da lamba, ko an shirya samfurin da kyau ko an yi masa riƙon sakainar kashi, saboda haka nauyin da ke kan ɗalibi shi ne ya iya nuna dalilin da zai sa a yarda da lambar da ya samu. Abin da ke tafe bayani ne kan yadda ake kaiwa ga hakan.

A san na'ura kafin a zaɓi tambaya

Riyakta ita ce na'urar da ake tsaga ƙwayoyin zarran yuraniyam a cikinta, kuma ɗaya tilo ta bincike da Najeriya ke da ita tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sunanta NIRR-1, kuma ta fara aiki a watan Fabrairun 2004. Ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarfinta kilowat 30 da 'yar ɗoriya, cibiyarta kuwa ba ta wuce girman bokiti ba, an kewaye ta da beriliyam domin ya riƙa mayar da niyutron (ƙananan ƙwayoyin da ke fita idan yuraniyam ya tsage) ciki, ana kuma sarrafa ta da sandar kadmiyam guda ɗaya. A 2018 an sauya mata makamashi daga yuraniyam da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin, kamar yadda aka yi wa takwararta ta Gana da ke Kwabenya kusa da Akara a 2017. Ba ta samar da wutar lantarki. Amfaninta shi ne niyutron ɗin da take fitarwa, waɗanda idan tana kan cikakken ƙarfi kusan tiriliyan 1 daga cikinsu ke ratsa kowane murabba'in santimita a sakan ɗaya a cikin bututan da ke kusa da cibiyar. Irin wannan riyakta an ƙera ta ne da gangan ta yadda ba za ta iya wuce gona da iri ba, kuma wannan ƙirar ce ta sa ba ta aiki fiye da wasu 'yan sa'o'i a jere, abin da ke nufin lokacinta yana da tsada, ana kuma shiga layi kafin a same shi.

Hanyar da ake bi da ita tsohuwa ce, domin George de Hevesy da Hilde Levi ne suka fara gwada ta a Kopenhagen a 1936. Ana saka ɗan ƙaramin samfur a cikin kwanson roba, a harba shi da iska ta bututu zuwa kusa da cibiyar riyakta, wasu daga cikin ƙwayoyin zarransa su haɗiye niyutron su koma marasa natsuwa, sannan a fito da shi a ɗora a gaban ditekta, wato na'urar da ke kama hasken gama ta ƙidaya shi. Yayin da waɗannan ƙwayoyi ke rushewa, kowane iri yana fitar da hasken gama mai ƙarfin da ya keɓanta da shi: sodiyam-24 a 1369 da 2754 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), manganis-56 a 847, zinariya-198 a 412, arsenik-76 a 559. Ƙarfin hasken shi ke faɗin sunan sinadarin, yawan ƙidayar kuma shi ke faɗin yawansa.

Daga nan ne ya kamata zaɓen tambaya ya fara, kuma a nan ne ɗalibai da dama ke asarar watanni. Misali, tun bayan annobar gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ɗalibin da ya fito daga wannan yanki yana da kyakkyawan dalili na son ya auna dalma a cikin ƙasa ko hatsi. Sai dai wannan hanya ba ta ganin dalma yadda ya kamata, saboda dalma ba ta cika haɗiyar niyutron ba, kuma ɗan abin da take komawa ba ya fitar da hasken gama mai amfani. Wanda dalma ce damuwarsa ya nemi na'urar da ke aiki da hasken X ko hanyoyin masu ilimin sinadarai. Wanda kuwa yake neman arsenik, zinariya, manganis, kobalt, toriyam ko sinadarai masu wuyar samu irin su lantanam, riyakta ita ce wurin zuwansa. Ina ganin babu abin da ya fi amfani ga sabon ɗalibi kamar ya rubuta sunayen sinadaran da yake nema a takarda guda, ya kai wa masu kula da na'urar tun kafin ya gabatar da tsarin bincikensa a semina, ya tambaye su wanne ake gani, wanne ba a gani, kuma mene ne mafi ƙanƙantar adadin da ake iya ganowa.

Akwai kuma hanya ta biyu da ba ta buƙatar riyakta ko kaɗan, wato auna hasken da ƙasa ke fitarwa da kanta daga fotasiyam-40 da zuriyar yuraniyam da ta toriyam, wato sinadaran da suke komawa idan sun rushe. Wannan ya dace da mai sha'awar tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos, inda ma'adinin monazait ke ɗauke da toriyam mai yawa, ko yankin Arlit a Nijar inda ake haƙar yuraniyam tun 1971, ko ma kayan gini da takin zamani. Matakan da za a ambata a ƙasa sun shafi hanyoyin biyu, in ban da inda aka fayyace.

Kariya

Ba a barin ɗalibi ya taɓa tushen radiyeshon, wato duk abin da ke fitar da irin wannan haske, sai ya samu horo daga jami'in kariya na cibiyar, kuma Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba da lasisin mallaka da amfani da irin waɗannan kayayyaki. Ma'aunin duniya ya iyakance abin da ma'aikaci zai ɗauka zuwa milisibat 20 (ma'aunin radiyeshon da jiki ya ɗauka) a shekara idan an daidaita shekaru 5, na sauran jama'a kuma milisibat 1, ban da kusan 2.4 da kowane mutum ke samu a matsakaici daga ƙasa da sararin sama da abinci. Ɗalibin da ke bin ƙa'ida ba zai kusanci iyakar ma'aikaci ba. Ya rage lokacin da yake yi kusa da tushe, ya ɗauki samfurin da ya fito daga riyakta da dogon awartaki, domin idan nisa ya ninku sau 2 hasken da ke isowa jiki yana raguwa zuwa kashi 1 cikin 4, ya kuma ajiye abin da haskensa bai gama raguwa ba a bayan tubalan dalma. Bajon da ke auna abin da jiki ya ɗauka a ƙirji ake maƙala shi duk lokacin da ake ciki, ba a aron na wani, ba a kuma barinsa a aljihun tebur kusa da tushe. Ci da sha da tauna goro duk a waje ake yin su. Ɗalibar da ta samu juna biyu ta sanar da jami'in kariya da wuri, domin daga lokacin da ta sanar ana tsara aikinta ne yadda abin da zai kai ga ɗan tayin ba zai wuce milisibat 1 ba, kuma wannan haƙƙinta ne, ba alfarma ba.

Ɗebo samfur da shirya shi

Kuskuren da aka yi a wannan mataki babu lissafin da zai gyara shi daga baya. Tun a fili, a rubuta wurin da aka ɗebo kowane samfur da lambobin taswira, da zurfin da aka haƙa, da ranar, da yanayin wurin, a kuma rubuta lambar samfurin a jikin leda da kuma a 'yar takardar da za a saka a leda ta biyu, saboda tawadar da ke jikin leda tana gogewa a hanya. A ɗebo daga wurare da yawa a cikin fili ɗaya a gauraya, sannan a ɗebo wani daga wurin da ke nesa da abin da ake zargi, domin idan babu abin da za a kwatanta da shi, ba za a iya cewa ma'adinai ko masana'anta ne suka ƙara wani abu ba. A nemi izinin mai gona da na mai unguwa ko dagaci kafin a sa fartanya, a kuma yi musu bayani a sauƙaƙe, domin jin kalmar nukiliya kaɗai yana tayar wa mutane hankali.

Samfurin da za a saka a riyakta ƙanƙane ne ƙwarai, galibi tsakanin miligiram 100 zuwa 300, kuma wannan ɗan abin shi zai wakilci gona guda. Saboda haka dole a busar da shi, a daka shi ya yi laushi kamar gari, a tankaɗe, a gauraya sosai. Turmin da za a daka da shi yana da muhimmanci: na ƙarfe yana zuba wa samfurin ƙarfe da kromiyam da kobalt, shi ya sa ake amfani da ɗan turmin dutsen aƙiƙ, a wanke shi a busar tsakanin samfur da samfur. Wajen busarwa kada a tsananta zafi idan ana neman arsenik ko seleniyam ko makuri, domin wani ɓangarensu yana bin iska ya tafi. Ba a taɓa samfur ko cikin kwansonsa da hannu tsirara, saboda gumin yatsa yana ɗauke da sodiyam da kulorin, kuma sodiyam na daga cikin sinadaran da suka fi haskakawa bayan fitowa daga riyakta. Mai neman zinariya ya cire zobe. A lokacin hunturu kuwa, ƙurar da ke shigowa ta taga ta isa ta ɓata samfurin ganye ko hatsi, tun da ita kanta ƙurar cike take da alminiyam da ƙarfe, saboda haka a rufe komai, a yi aiki a kan takarda mai tsabta, kada a bar samfur ya kwana a buɗe. Nauyin kowane samfur a auna shi a sikelin da ke karanta kashi 1 cikin 10 na miligiram, a rubuta shi nan take a littafi, ba a tafin hannu ko guntun takarda ba.

Mai auna hasken da ƙasa ke fitarwa da kanta yana buƙatar samfur mai yawa, ɗaruruwan giram, kuma yana da wani jira na musamman da ba shi da makawa. Radiyam-226 ana auna shi ne ta hanyar jikokinsa, wato sinadaran da yake komawa idan ya rushe, dalma-214 a 352 keV da bismut-214 a 609 da 1764, amma a tsakaninsu akwai radon-222, wanda iska ne, yana sulalewa idan robar ba ta rufu ba. Rabin radon yana rushewa ne a cikin kwana 3.8, saboda haka idan aka liƙe robar ruf aka jira wajen mako 4, wato wannan wa'adi sau 7, jikokin za su daidaita da radiyam ɗin da fiye da kashi 99 cikin 100. A liƙe murfin da kyau da abin da iska ba ta ratsawa, a cika robar yadda ba za a bar fili a samanta ba, a rubuta ranar liƙewa a jiki. Ɗalibin da lokaci ya ƙure masa ya ƙidaya bayan mako 1 zai samu adadin radiyam ƙasa da gaskiya, kuma na'urar ba za ta nuna masa wata alama ba.

Saita ditekta

Ditektocin da ɗalibi zai fi haɗuwa da su iri biyu ne. Na sodiyam ayodaid ya fi araha da juriya, yana kama haske da yawa, amma ƙololuwarsa, wato tudun da kowane layin haske ke yi a zanen ƙidaya, tana da faɗi, kusan kashi 7 cikin 100 a layin siziyam-137 na 662 keV, ta yadda layuka biyu da ke kusa da juna suke narkewa su zama ɗaya. Na jamaniyam mai tsabta kuwa faɗin ƙololuwarsa bai wuce wajen 2 keV ba a layin kobalt-60 na 1332, amma ba ya aiki sai an sanyaya shi ƙwarai, galibi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Wannan sharaɗi shi ke tsara rayuwar ɗakin gwaji gaba ɗaya. A san ranar da ake cika tulun naitirojin, a duba ko akwai isasshe kafin a fara doguwar ƙidaya, kada a kunna babbar wutar ditekta idan ana shakkar ya fara ɗumi, kuma idan ya riga ya ɗumama a bar shi ya ɗumama gaba ɗaya kafin a sake sanyaya shi, a jira sa'o'i da yawa, sannan a ɗaga wutar sannu a hankali. A ƙasashen da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a tabbatar batirin ajiya yana da lafiya, a kuma saita kwamfuta ta riƙa adana ƙidayar lokaci bayan lokaci.

Saiti iri biyu ne, kuma bai kamata a rikita su ba. Na farko shi ne na ƙarfi, wanda ke haɗa lambar gurbin da ƙololuwa ta faɗa a zanen ƙidaya da ainihin ƙarfinta, ana yin sa da tushen da aka san layukansu, kamar amerisiyam-241 a 59.5, siziyam-137 a 662, da kobalt-60 a 1173 da 1332. Wannan yana gocewa idan zafin ɗaki ya sauya, musamman a na sodiyam ayodaid, saboda haka a duba shi kowace safiya. Na biyu shi ne na yawan abin da ditekta ke kamawa daga cikin hasken da samfurin ya fitar, wanda ya dogara ga ƙarfin hasken, da siffar robar, da nisanta daga ditekta, har ma da nauyin abin da ke ciki. Saitin da aka yi da ƙaramin tushe a nisan santimita 10 ba zai yi aiki ga robar ƙasa da aka ɗora a kan ditekta kai tsaye ba. Hanyar da ta fi aminci ga ɗalibi ita ce kwatantawa da samfurin da aka riga aka tabbatar da abin da ke cikinsa, irin waɗanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana da cibiyar ma'aunai ta Amurka suke samarwa, a zuba shi a roba iri ɗaya, a ƙidaya shi a wuri ɗaya. Ya fi kyau a samu irin waɗannan guda biyu, a yi saiti da ɗaya, a auna na biyun kamar ba a san shi ba. Idan sakamakon ya dace da abin da ke takardar shaidarsa, wannan tebur ɗin shi ne shafi mafi ƙarfi a kundin digirin gaba ɗaya, idan kuwa bai dace ba, an gano matsala tun da sauran lokaci.

Agogo da ƙidaya

A aikin riyakta ana raba sinadarai ne gwargwadon saurin rushewarsu. Masu gajeren wa'adi, kamar alminiyam-28 da rabinsa ke rushewa a minti 2.24 da banadiyam-52 a minti 3.7, ana haskaka su, wato a bar su cikin riyakta, na 'yan mintuna a ƙidaya nan da nan. A nan agogo shi ne komai, domin kuskuren sakan 10 wajen rubuta lokacin da samfur ya fito yana jawo kuskuren kusan kashi 5 cikin 100 a sakamakon alminiyam. A daidaita agogon ɗakin riyakta da na kwamfutar ƙidaya kafin a fara, a kuma samu mutum na biyu da aikinsa kawai rubuta lokaci. Masu dogon wa'adi kuwa, kamar ƙarfe-59 mai kwana 44.5 da iskandiyam-46 mai kwana 84, ana haskaka su na sa'o'i, sannan a ajiye su. Dalilin ajiyewar shi ne sodiyam-24, wanda da farko haskensa ke rufe na sauran, amma tun da rabinsa ke rushewa a sa'a 15, bayan kwana 5 abin da ya rage kashi 1 ne cikin 256. Shi ya sa ake ƙidaya ta farko bayan 'yan kwanaki domin arsenik da lantanam, a sake ta biyu bayan makonni domin ƙarfe da kobalt da makamantansu. Idan hasken samfur ya yi yawa har na'ura ta nuna tana rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na lokacinta, a matsar da shi nesa ko a ƙara jira, amma a tuna cewa duk nisan da aka ba samfur dole a ba abin kwatancensa.

Rushewar ƙwayar zarra abu ne da ke faruwa ba bisa tsari ba, don haka kowace ƙidaya tana zuwa da tazarar kuskurenta, wadda ita ce tushen murabba'in adadin. Ƙidaya 100 tana da kuskuren 10, wato kashi 10 cikin 100, ƙidaya 10,000 kuma kuskurenta 100 ne, wato kashi 1. Don rage kuskure zuwa rabi sai an ninka lokacin ƙidaya sau 4. Abin ya fi tsanani idan samfurin ba shi da ƙarfi, saboda bango da siminti da iskar ɗakin, har ma da jikin ɗalibin da ke ɗauke da kusan bekarel 4,000 na fotasiyam-40 (bekarel 1 rushewa ɗaya ce a sakan), duk suna fitar da nasu hasken. Dole a yi ƙidayar fanko da roba marar komai, na tsawon lokacin da bai gaza na samfur ba, a cire. Idan samfur ya ba da 1,200 fanko ya ba da 1,000 a lokaci ɗaya, abin da ya rage 200 ne, amma kuskurensa tushen murabba'in 2,200 ne, wato kusan 47, wanda ya haura kashi 23 cikin 100. Wanda ya rubuta irin wannan sakamako da lambobi huɗu bayan ɗigo ya nuna wa mai karatu cewa bai fahimci abin da ya auna ba. Inda kuma ƙololuwa ba ta fito daga cikin fanko ba, ba a rubuta sifili, ana rubuta cewa adadin yana ƙasa da iyakar ganowa, a faɗi iyakar.

Manhajar da ke karanta ƙololuwa tana da sauri, amma tana laƙaba sunaye ba tare da tunani ba, shi ya sa ya zama wajibi ɗalibi ya bi kowace ƙololuwa da idonsa. Manganis-56 a 847 yana maƙwabtaka da magniziyam-27 a 844. Arsenik-76 a 559 yana jingine da buromin-82 a 554, kuma ganyaye da yawa suna da buromin. Layin 186 na radiyam-226 yana kwance a kan na yuraniyam-235, dalilin da ya sa ake gudunsa a koma ga jikoki. A ƙasar da toriyam ya yi yawa, irin ta wuraren haƙar kuza, aktiniyam-228 yana da layi a 1459 da ke kumbura sakamakon fotasiyam-40 na 1461. Akwai ma ƙololuwar da ba ta kowane sinadari ba ce: haske mai ƙarfi fiye da 1022 keV yana iya haifar da ilektron da kishiyarsa a cikin ditekta, kishiyar kuma ta ɓace ta bar haske biyu na 511 keV, idan ɗaya ko biyun suka tsere, layin sodiyam na 2754 sai ya bar inuwarsa a 2243 da 1732. Ƙa'idar da nake ganin ta fi tsare mutum ita ce kada a yarda da sinadarin da ke da layuka da yawa sai an ga aƙalla biyu daga cikinsu a daidai rabon da ya kamata, a kuma duba alƙaluman a rumbun bayanan nukiliya na cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka ko na hukumar da ke Biyana, waɗanda duk a buɗe suke a intanet kyauta.

Littafi, mutane da kundi

A sayi littafi mai ɗinki wanda ba a yage masa shafi, a rubuta komai da biro da kwanan wata: nauyi, lokacin shiga da fita, ƙarfin riyakta, nisan samfur, sunan fayil, har da ɗaukewar wuta. Abin da aka yi kuskurensa a ja masa layi ɗaya a bar shi yana karantuwa. Ainihin fayilolin ƙidaya a ajiye su a wuri uku ba tare da an taɓa su ba, a yi lissafi a kan kwafi. Ɗalibin da ya koyi ɗan rubuta manhaja da Python zai iya maimaita lissafin samfur 60 cikin minti ɗaya idan aka gano kuskure a saiti, maimakon ya kwana yana gyara tebur da hannu.

Ma'aikatan fasaha na ɗakin gwaji su ne suka fi kowa sanin halin na'ura, kuma ɗalibin da ya girmama su, ya zo a kan lokaci, ya bar wuri da tsabta, zai koyi abin da babu shi a littafin darasi. Malamin da ke duba aikin kuma a riƙa kai masa sakamako tun yana ɗanye, har da wanda bai yi kyau ba. Batun tallafi a fara nemansa da wuri: cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana shirya tarukan horo ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, hukumar da ke Biyana kuma tun 2020 tana da tallafi mai sunan Marie Curie ga mata masu digiri na biyu a fannonin nukiliya. Mujallar da ta yi alƙawarin buga maƙala cikin mako ɗaya idan an biya kuɗi, a nisance ta.

Wajen rubuta kundi, babin hanyoyin aiki shi ya kamata a fara rubutawa tun ana cikin gwaji, a yi shi dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita aikin ba tare da ya nemi marubucin ba. Idan sakamako ya nuna wani wuri ya haura matsakaicin duniya, a faɗi hakan da tazarar kuskurensa da yawan samfurin da aka auna, kada a tsallaka zuwa cewa mutanen wurin za su kamu da ciwon daji, domin wannan magana ce da ke buƙatar wani bincike daban, kuma tana iya jefa al'umma cikin tsoro ko ta karya darajar amfanin gonarsu. Idan kuma abin da aka gani ya yi yawa ƙwarai, a fara sanar da malami da jami'in kariya domin a sake aunawa a kai ga hukuma. Ranar kare kundi, mai jarrabawa daga waje zai iya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya a tebur ya ce a nuna masa inda ta fito, saboda haka a je da littafin gwaji da fayilolin ƙidaya, a kuma gwada bin lamba ɗaya da hannu tun daga nauyin samfur har zuwa sakamako kafin ranar. Samfuran da suka shiga riyakta kuwa ba a fita da su daga cibiyar ko bayan an gama, ana miƙa su ga jami'in kariya tare da jerin lambobinsu da ranar da aka haskaka kowanne, shi zai ajiye su har su huce.